Igiyar da Sulaimanu Ya Yanke

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Talata aka kira Sufeto Kadri Yussif. Wata mata mai motsa jiki a bakin kogin Hudson ce ta hango mutum kwance tsakanin duwatsu, yamma da Harlem.

Kadri haifaffen Zangon Kumasi ne, shekararsa goma sha tara yana aikin ɗan sanda a New York. Duk sanda aka tsinci gawa mai suna irin na gida shi ake turawa, kuma har yau abin bai zame masa jiki ba. Katin da ke aljihun mamacin ya nuna sunansa Sulaimanu Hamidou, mai shekara hamsin da biyu.

Ƙeyarsa ce ta fashe a kan dutse. Sandar fatsarsa na gefe, 'yar siririya mai ƙaramar ƙugiya, ga wuƙa a buɗe kusa da hannunsa. Abin da ya tsayar da Kadri shi ne guntun igiyar da ta naɗe takalmin mamacin, kitsattsiya mai kauri, wadda ko rago za ta ja. Bakinta a yanke yake sumul.

"Wannan igiya ba ta sandarsa ba ce," ya ce wa yaransa. "Akwai wanda ya tsaya tare da shi. Ku bincika duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya."

Gidan mamacin na kan titi na 116. Matarsa Habsatou na zaune a ƙasa, maƙwabta mata sun kewaye ta. Kadri ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi ta'aziyya.

"Hajiya, ki yi haƙuri da tambayoyina. Da wa yake zuwa kogi?"

"Da wana, Mahamadou. Tela ne, shagonsa na nan ƙasan layi. Bayan sallar asuba suke tahiya."

"Yau ma tare suka fita?"

"Na kira shi ɗazu, ya ce zazzaɓi ya hana shi zuwa." Ta share ido da bakin mayafi. "Yallaɓai, maigidana ɗan masunta ne daga Gaya ta bakin kogi. A cikin jirgin ruwa ya girma. Mutum irinsa ba ya zamewa a kan dutse."

"Akwai abin da ke damunsa kwanan nan?"

Ta gyaɗa kai. "Sati biyu ke nan ba ya cin abinci sosai. Na tambaye shi, sai ya ce akwai kifin da ba a taɓawa, amma wani ya ƙi ji. Bai faɗa mini ko wane ne ba."

Kadri ya sauko daga benen. Kafin ya kai mota waya ta shigo: an tsinci wata leda a maƙale cikin ramin dutse.

Ya kai ledar wurin Shamima, jami'a a hukumar da ke kula da kifayen kogin. Ta zazzage ta a kan tebur. Dalma ce mai girman dunƙulen hannu, da wata ƙatuwar ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, an riga an ɗaura mata koto na yankan ɗanyen kifi, an naɗe shi da zare. Fuskar Shamima ta canza.

"Sufeto, wannan kayan kamun stajin ne."

"Mene ne stajin?"

"Babban kifi ne, yana iya fin mutum tsawo. Ba shi da haƙori, bakinsa a ƙarƙashi yake, yana tsotsar abinci daga ƙasan kogi. Shi ya sa ake sa dalma mai nauyi, don koton ya kwanta a ƙasa kada ruwa ya ja shi. A wannan kogin doka ta hana kama shi, sun kusa ƙarewa. Amma akwai masu farautar macen saboda ƙwanta."

"Me ya sa aka naɗe koton da zare?"

"Don kada ƙananan kifaye su yage shi kafin babban ya iso. Sai dai masu wannan harka zaren roba suke amfani da shi." Ta ɗaga ƙugiyar kusa da fitila. "Wannan ban san irinsa ba."

Kadri ya san shi. Zaren ado ne mai sheƙi, ruwan goro, irin wanda ake yi wa wuyan babbar riga aiki da shi.

"In mutum ya rungumi kifin nan fa?"

"Jikinsa jeren ƙasusuwa ne masu kaifi. Zai yanke shi."

Da la'asar ya shiga shagon Mahamadou. Telan na bakin keke, amma keken ba ya motsi. Doguwar riga ce a jikinsa, ya ɓalle maɓallan hannu har wuyan hannu, duk da zafin da ake yi.

"Sannu da haƙuri, Malam Mahamadou. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Mushe Sufeto. Tun jiya ban leƙa waje ba."

"To yanzu me ya fito da kai shago, ga surukinka ya rasu, ga ƙanwarka na kuka?"

"Akwai... akwai ɗinkin da zan ba mutane."

"Ka san kamun babban kifi?"

"Ni? Raka Sulaimanu kawai nake yi. Ko ƙugiya ban iya ɗaurawa ba."

Kadri ya ajiye ledar a kan keken. Sannan ya miƙa hannu kan kanta, ya ɗauko ƙullin zare ruwan goro, ya ajiye kusa da koton.

"Teloli da yawa suna da irinsa," Mahamadou ya ce.

"Haka ne. Naɗe hannun rigarka."

"Almakashi ne ya..."

"Naɗe."

Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, yanka ne a jere, tazararsu ɗaya, a hannayen biyu. Mahamadou ya zuba musu ido kamar hannayen wani ne. Sai ya kifa kai a kan keken ya fashe da kuka.

"Wata shida ina neman macen kifin nan," ya ce. "Wani mai gidan abinci ne ya ce zai sayi ƙwan. Sulaimanu ya hana ni, ya sake hana ni. Yau ya biyo ni ne don ya sa mini ido. Da gari ya fara haske bakin sandata ya ɗan girgiza, a hankali, kamar ba komai. Na jira har ta haɗiye. Awa guda da rabi muna ja. Da na kawo ta bakin dutse na shiga ruwa na rungume ta."

"Sai me?"

"Ya ce, 'Mahamadou, ciki gare ta, ka ji tsoron Allah ka sake ta. Za ka jawo mana ɗauri, ka bar iyalinmu a titi.' Na ce ya matsa. Sai ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Ta fizge ta tahi. Na hau dutse ban san inda hankalina yake ba, na ture shi da hannu biyu."

"Nan take ya cika?"

Mahamadou bai ɗago ba. "Yana numfashi. Ya kira sunana."

"Ka kira motar asibiti?"

"Na ɗauki sandata na gudu."

Kadri ya yi wa 'yan sandan da ke ƙofa alama. Suka sa wa Mahamadou ankwa, suka fita da shi ta gaban masu shaguna da suka yi cirko-cirko a bakin titi.

Motar na tashi, wayar Mahamadou da ya bari a kan keken ta fara ƙara. Sunan Habsatou ne a jiki. Kadri ya so ya bar ta ta katse, amma ya ɗauka.

"Yaya, kana ina?" ta ce. "Liman na tambaya, in sun ba mu gawar, wa zai yi masa wanka. Na ce kai ne, ba shi da wanda ya fi ka a ƙasar nan."

Kadri ya runtse ido.

"Hajiya, Sufeto Kadri ne. Kada ki bari matan nan su tafi. Ga ni nan zuwa."