Hoton da Aka Rage wa Ƙugu

Ranar da Mai hoto ya fara shiga shagon Auta, da faɗa suka gaisa.

Wata mujallar kayan kwalliya ce ta aiko shi ya ɗauki hoton rigunan da take ɗinkawa, don sunan shagon ya fara yawo a bakin mata. Ya shigo da jaka a kafaɗa da fitila a hannu. Bayansa ga 'yar kawunsa, siririyar yarinya mai sa kaya ana ɗaukar ta hoto don talla, wadda kowa ke kira Doguwa.

Shagon ba shi da girma. Keken ɗinki a kusurwa, teburin yanka cike da alli da almakashi, sai mutum-mutumin rataye kaya a jere bakin taga. Su Mai hoto ya tsaya kallo. Auta ta bi su da soso da auduga ta ɗinke, ta yi wa wannan tumbi, ta yi wa wancan damatsa da ƙugu, har suka yi kama da matan da ke zuwa awo.

Doguwa ta sa wata riga mai ratsin shuɗi da fari, rigar ta yi mata yawa. Mai hoto bai tambayi kowa ba. Ya zaro 'yan maƙalan shanya daga aljihu, ya zagaya bayanta, ya tattare yadin yana maƙalewa har rigar ta ɗame.

Ƙarar keke ta tsaya.

"Malam, me rigar ta yi maka?"

"Gyara nake. Haka ake yi ko'ina, daga gaba ba a ganin maƙalan."

"Daga gaba ba a gani. To matar da za ta saya, babu baya za ta zo?"

Auta ta miƙe. Mace ce cikakkiya, mai jiki, irin wadda tun tana ƙarama 'yan uwa ke leƙa kwanonta suna cewa ta rage. Ta ji wannan magana har ta daina yi mata ciwo, sai dai ba ta manta ba. Ta cire maƙalan ɗaya bayan ɗaya ta zuba masa a tafin hannu.

"Mace mai jiki na yanka wa rigar nan. In mujallarku ba ta da irinta, ga ni."

"Wallahi kin taimake ni, Anti," in ji Doguwa tana sosa baya. "Abin nan cizo yake kamar kuɗin cizo."

Auta ta shiga bayan labule ta fito cikin rigar, ta tsaya gaban fitila, hannu a ƙugu. Mai hoto ya sa ido a kyamara. Ya daɗe yana kallo fiye da yadda aikin ke bukata.

Mujalla ba ta buga hoton ba. Bayan kwanaki saƙo ya shigo wayarta.

"Sallama, Telata. Edita ya ce ba irin jikin da masu karatu ke son gani ba ne. Ni kuma na kasa goge hoton."

"Wace ce telarka? Ko maɓalli ban taɓa ɗaura maka ba."

"Gobe zan kawo rigar da maɓallinta ya faɗi."

Ya kawo kuwa. Auta ta juya rigar, ta dubi zaren, ta dube shi.

"Wannan da reza aka cire shi."

"Reza ce ta faɗo masa."

Ta yi dariya har tef ɗin awon da ke wuyanta ya zame. Daga nan maɓallan Mai hoto suka shiga faɗuwa kamar ana karkaɗa bishiya. Yakan zauna a benci yana zura mata zare a allura, ita kuma tana ba shi labarin matan da ke shiga bayan labule suna neman gafara kafin a auna su, kamar sun yi wa wani laifi.

"Wata rana zan jera su duka a gaban jama'a," ta ce. "Da mai jego, da tsohuwa, da mai tumbi. Kowacce cikin rigar da aka yi don ita."

"Ni zan ɗauki hoton, Telata."

"In ka bar maƙalanka a gida."

Da magana ta yi nisa, ya je ya gaida babanta, tsohon kafinta mai ƙarancin magana. Tsohon ya auna shi da ido kamar katako, sannan ya ce ya turo manya.

A nan ne gizo ke saƙa, don uwar Mai hoto ta daɗe da ajiye masa Doguwa a ranta. Da ya kawo maganar tela, sai ta ce, "Kawo hotonta in gani."

Wannan uwa kuwa tana da wata ɗabi'a. Tun da ɗanta ya sayi kyamara, bai taɓa ɗaukarta hoto ba face ta tsaya a kansa tana cewa, "Rage mini wuyan nan. Ɗauke wannan ninkin. Kumatun sun yi yawa." A jikinta ya koyi aikin, a mujalla ya ƙware. Saboda haka da ya buɗe hoton Auta a kwamfuta, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya tsuke ƙugu, ya sassaƙe damatsa, ya ɗauke haɓa. Ya ce wa kansa, kafin dai Mama ta amince.

Ba mugunta ba ce ta sa shi. Ragonci ne. Amma wanda aka yanka ba ya tambayar ko da wace niyya aka wasa wuƙar.

Wata safiya Auta na kan keke, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, ta lulluɓe kanta da babban mayafi duk da zafin da ake yi.

"Yarinya, mai shagon nake nema."

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

"A'a, ba ke ba. Wannan nake nufi, wadda ɗana mai hoto ke nema."

Ta miƙo waya. Auta ta karɓa da hannu biyu. Fuskarta ce. Murmushinta ne. Rigarta ce mai ratsin shuɗi da fari, sai dai ratsin da ta yanka a miƙe ya lanƙwashe a wajen ƙugu, inda aka matse shi. Jikin kuwa ba ta taɓa haɗuwa da mai shi ba.

Ta mayar wa dattijuwar wayarta.

"Ni ce, Mama. Ɗanki ne ya yi mini ɗinki a kwamfuta."

Dattijuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta sake duban waya.

"To, ni dai ba da wannan na amince ba. Amma akwai lokaci. In za ki iya komawa kamar ta hoton kafin biki, sai mu yi magana."

Auta ta jawo mata kujera, ta kawo mata ruwa, ta durƙusa.

"Ki yi haƙuri, Mama. Sana'ata in yanka yadi ya shigi mutum. Ban taɓa yanka mutum don ya shiga yadi ba, ba kuma zan fara da kaina ba."

Ta raka ta har bakin titi. Ta dawo ta ƙarasa kalmasa bakin zanen da ke kan keke, don mai shi na jira. Sai da ta yanke zare ta ɗauki waya.

"Na ga amaryarka yau. Kyakkyawa ce. Allah ya sa ka same ta."

Ya kira har wayar ta yi zafi, ba ta ɗauka ba. Da yamma ya zo gida a birkice, ya tarar da Baba a ƙofa yana goge wata ƙafar kujera.

"Wacce ka zo nema?" in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba. "Ta hoto ko ta gida? Ta hoto ba a nan take kwana ba."

"Baba, kuskure na yi."

"Kuskure shi ne ka saro katako ya wuce awo. Kai zama ka yi ka dubi 'yata ka ga ta yi yawa. Ni na ciyar da ita, ban taɓa ganin ta yi yawa ba. Na janye maganata. Sauka lafiya."

Auta na ji daga ɗaki. Ta yi kuka a ranar, kuka sosai, don tana son sa. Washegari ta wanke fuska ta buɗe shago kafin kowa a layin.

Ana haka sai ga Doguwa ta shigo. Auta ta ɗauka ɗinkin bikinta da Mai hoto ta kawo mata, ta ɗaure fuska.

"Saki ranki, Anti, ba kishi na zo yi ba," in ji Doguwa, ta zube a benci. "Mutumin da ya goya ni ina majina, in aure shi? Gwaggo ce kawai ke mafarkinta. Zuwa na yi ki ga wani abu."

Ta nuna mata fastar wani talla a waya.

"Ni ce nan. Kin ga wuyan nan? Ba nawa ba ne. Ni da ba ni da nama ma sai an rage ni. In na wuce ta ƙarƙashin allon nan sai in ji kunyar jikina, in koma gida in ƙi cin abinci, ina so in yi kama da kaina."

Auta ta ɗaga ido daga wayar. Ta buɗe kwanon abincinta ta tura mata, ta miƙa mata cokali.

"Ya ajiye aikin mujallar," in ji Doguwa da baki cike. "Ya ce wa edita ba zai ƙara sassaƙa kowa ba. Yanzu yana gida ya zama kamar kazar da ruwa ya doka."

Da la'asar saƙonsa ya zo.

"Telata, na ji tsoron Mama fiye da yadda na tsaya miki. Ba ke ce kika yi yawa ba, ni ne na yi kaɗan. Faɗi abin da zan yi."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta rubuta.

"Ka kai wa Mama hoton gaskiya, ka ce mata da bakinka wannan kake so. Sannan ranar da zan jera matan shagona, ka zo da kyamara. Ba maƙali, ba gogewa. Bayan nan sai ka je ka san yadda za ka yi da Baba, wannan ba ruwana."

Aka yi taron a wani zaure da ta karɓi aro. Mai jego ta fito da cikinta da bai koma ba. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta taka da sandarta tana rangaji. Mai shagon kayan miya, wadda a da take neman gafara kafin a auna ta, ta juya a tsakiyar fili har mata suka ɗau shewa. Doguwa ma ta fito cikin rigar da aka yanka daidai ita. Mai hoto na durƙushe yana ɗauka, gumi na zuba. Da ya wanko hotunan, sai ya fara kai wa Baba. Tsohon ya sa tabarau ya duba na 'yarsa, ya bi ratsin rigar da yatsa, ya ga a miƙe yake.

"Wannan tawa ce," ya ce. "Ka turo manyanka. Amma sai uwarka ta taka da ƙafarta."

Ta taka kuwa. Wata safiya ta sake yin sallama a shago, ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ajiye wata ambulan a kan teburin yanka.

"Ya kawo mini hotonki na gaskiya, ya ce ke ko babu. Na yi faɗa har murya ta dishe. Da na gaji, sai ya ajiye mini waɗannan. Hotunana ne, yadda suke kafin ya taɓa su. Ashe bai zubar ba."

Ta zaro ɗaya. Ita ce tana dariya, kumatu cike, wuya ninki-ninki.

"Kin ga wannan haɓar? Ta mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Ba ni da hotonta ko guda. Shekara da shekaru ina sa yaron nan yana goge mini uwata daga fuskata."

Ta share ido da bakin mayafi. Sai kuma ta cire mayafin gaba ɗaya ta rataye a kujera, ta miƙe ta buɗe hannuwa.

"Auna ni, 'yata. Kayan bikin ɗana nake so."

Auta ta zagaya ta da tef. Ta ji cikin tsohuwar ya ɗame kamar ganga.

"Mama, saki numfashi."

"Ai na saki."

"Mama."

Dattijuwar ta fashe da dariya, cikin ya sauko inda Allah ya ajiye shi, Auta ta rubuta awon yadda yake.

Ranar ɗaurin aure amarya ta fito cikin rigar da ta yanka da hannunta. Doguwa ce ta riƙe kyamara, don an hana ango aiki. Ya matso kusa da kunnen matarsa.

"Telata, maɓallina na rawa."

"Ka bari mu je gida, sarkin reza."

Aka jeru, Baba a dama, Mama a hagu ta ɗaga haɓa sama. Kafin a danna sai ta nuna ɗanta da yatsa.

"Kai, ka ji ni da kyau. In ka rage wa wani ko ƙumba a hoton nan, ban yafe ba."

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya bi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya sa ku ga juna yadda kuke, ku gode masa. Ya ba ku zuriya mai albarka, doguwa da gajera, siririya da mai jiki."

Aka shafa da amin mai ƙarfi. Maƙalan nan kuwa suna bayan gidansu har yau a kan igiya, suna riƙe da wanki, aikin da aka yi su dominsa.