Ƙwaryar da Na Ɗinke

Ban taɓa roƙon kowa ba sai a tafiyar nan.

Shekarar fari ce. Mu ashirin muka cika mota daga Ɗanbatta za mu ziyara Senegal, har da matata Hure, wadda ciwo ya cinye. Kwana huɗu muna keta ƙauyuka, gero duk ya ƙone a tsaye. A ƙasar Mali inji ya yi zafi, direba ya juye ruwan shanmu a lagireto. Da magariba muka tsaya a daji, muka yi taimama. Hure tana kwance a kujerar baya, leɓenta ya tsage, ko magana ba ta iyawa.

Sai ga wata tsohuwa da ƙwarya a ka. Na durƙusa a gabanta.

"Baiwar Allah, ko kurɓi ɗaya. Matata za ta mutu."

Ta kau da fuska gefe, yadda suruka take yi. Da Hausar garinmu ta amsa, a ƙasar da ba mai jin ta.

"Kai wa yarinyar nan. Na daɗe ina jiranta."

Ruwan sanyi ƙalau, yana ƙanshin ganyen magarya. Na tallafo kan Hure, ta sha sosai. Sannan yatsana ya taɓa ɗinki a bakin ƙwaryar. Ɗinkina ne. Da ita aka yi wa uwar Hure wankan gawa, shekara tara da suka wuce.

Hure ta dubi taga, ta yi murmushi.

"Inna, ga ni nan."