Giɓin Solfrid

Ranar bikin ƙasa, ana yayyafin nan namu da ba ya gajiya, Eilif ya fara ganin Solfrid. Tana sahun gaba cikin 'yan badujalar garinmu, tana busa ƙaho ta gefen baki. Ya bi su har bakin teku, wainar da ke hannunsa ta huce bai sani ba.

Da tsagaggen leɓe da ganɗa aka haifi Solfrid. An yi mata ɗinki a birnin Bergen tun tana jaririya, amma haƙori ɗaya na sama bai taɓa fitowa ba, na kusa da shi kuma ya fito a karkace. Da wannan bakin ta koyi busa, har ta fi kowa. Ni dai ban taɓa jin mai zaƙin busarta ba.

Soyayya ta yi nisa, sai Gunvor, mahaifiyar Eilif, ta sa baki. Ta ce yarinya ba laifi, amma a cike giɓin kafin hotunan biki. Eilif, sarkin son a zauna lafiya, ya je ya nema wa Solfrid ganin likitan haƙori ba tare da ya tambaye ta ba.

Abin ya ƙona mata rai. Likitanta ya daɗe da gaya mata cewa in aka taɓa haƙoran, mazaunin ƙahon a bakinta zai canja, busar kuma ba tabbas ta dawo yadda take. Ta tura masa saƙo:

"In haƙora kake so ka aura, ga Oddny can, nata reras. Ni da ƙahona muka zo."

Ta daina ɗaga wayarsa. Oddny kuwa, 'yar maƙwabtansu, har ta fara kai wa Gunvor kek.

Ranar atisayen 'yan badujala Eilif ya ɗauko mahaifiyarsa a mota, ya zaunar da ita can baya a zauren atisayen. Sannan ya rubuta:

"Mai ƙahona, na yi wauta, na soke ganin likitan. Ban san abin da na kusa raba ki da shi ba. Ki busa, Mama na baya."

Solfrid ta karanta, ta harare shi, ta ɗaga ƙahon. Taken da aka busa ranar auren Gunvor da marigayi mijinta ne ya faɗo a jerin ranar. Kafin a kai ƙarshe tsohuwa ta jiƙa hankicinta.

"'Yata," in ji ta, "wanda ya taɓa bakin nan, ni da shi ne."

Da bazara aka ɗaura auren. Amarya da kanta ta ja tawaga daga coci, ƙaho a gefen baki, Eilif na biye kamar ranar farko. Da mai hoto ya ce a yi murmushi, Solfrid ta rufe baki don sabo.

Gunvor ta zungure ta. "Buɗe mana, a bangona zan rataye hoton. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta buɗe.