Kan da ke Cikin Firigo

Ranar da Hafizu ya zo gyaran firigon sanyaya kaya na wani ƙaramin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a Maradi, yana buɗewa ya yi ido huɗu da kan mutum. Ya ja da baya yana salati.

Tahira, mai aikin wurin, ta yi dariya har da hawaye. "Roba ce, malam. Na cika ta da haɗi mai daskarewa, wanda injin hoton cikin jiki ke gani kamar ƙwaƙwalwa. Maganaɗisun injinmu ba ƙarfi, da wannan muke gwada gaskiyarsa kafin a sa marar lafiya."

Tun daga ranar, firigon bai ƙara lafiya ba, a bakin Hafizu dai.

Magana ta kai ga aure, sai Ramatu, 'yar ƙanwar babansa da ta daɗe tana sonsa, ta kai wa mahaifiyarsa Atika hoton kan a garinsu, Jiratawa. Kafin ka ce me, Tsibiri, garin su Tahira, ta ɗauka: Tahira na ajiye kawunan mutane. Kunya ta sa babanta ya hana ta fita ko zaure.

Ɗaki ya zame mata kurkuku. Ta rame, ta ƙosa, kuka ya zama abincinta.

"Hasken idona, ki ci abinci don Allah," Hafizu ya rubuto mata.

"Nawa, kowa tsorona yake ji. Bayani ya ƙi shiga. Ka kawo Inna, ka taho da kan."

Suka zo, kan na cikin kular ƙanƙara. A tsakar gida, gaban babanta, Tahira ta ɗauki wuƙa. Watanni ta yi tana auna haɗin nan, iska na shigarsa ya lalace. Ta dubi Hafizu, ta ɓalle murfin.

Atika ta leƙa, ta sunsuna, ta dangwala da yatsa ta kai baki.

"Yo wanga ai kunu na da ya kwana! Kuma gishiri ya yi yawa, ɗiyata."

Baban Tahira ne ya fara dariya.

Bayan sallah aka ɗaura aure, aka sha addu'ar zuri'a ɗayyiba. Da amarya ta koma labo dafa sabon haɗi, Atika ce riƙe da muciya, tana ta mitar gishiri.