Bakwai Cikin Goma

"Zuciyar ta daina bugawa..." Likita ta faɗa tana kashe na'urar hoton ciki. "Sati takwas. Sai haƙuri."

Auta ta zuba wa silin ido. Cikinta na fari ke nan.

Mijinta kuwa, wanda yayyenta ke kira Mai Gajimare saboda hasashen yanayi ne aikinsa, biro ya zaro daga aljihu. Biro fa!

"Hanya uku ce," in ji Likita. "Wankin ciki, ko magani, ko a jira ya fita da kansa."

"In an jira, nawa cikin nawa ke dacewa?" ya tambaya.

"Irin nata? Jini ya riga ya fara, jakar tayin ƙarama ce, ta kuma gangaro. Zan ce bakwai cikin goma, cikin sati biyu. Amma da kun ga zazzaɓi, wari, ko jini mai yawa, ku taho da gudu."

"Zan jira," in ji Auta. "Ba na son a sa mini ƙarfe."

Tun daga ranar ya mayar da ita tashar auna yanayi. Safe da yamma ga shi da ma'aunin zafi da ɗan littafi. Bai ce mata sannu ba, bai ambaci cikin ba ko sau ɗaya.

"Talatin da bakwai... Ciwon fa, ya kai na jiya?"

"Abin da za ka tambaye ni ke nan?"

"Ƙunzugu nawa kika canja, Zumata?"

Ta juya masa baya. Abin ya ci mata rai fiye da ciwon marar.

Yaya babba dama ba ta taɓa ƙaunar auren ba, sai ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Kullum tana gefen gado tana hura wuta.

"Wane irin miji ne zai bar mace da mataccen ciki yana rubuce-rubuce? Wannan ko dutse ya fi shi tausayi! Mama ta ce daga asibiti gida za ki wuce."

Auta ba ta musa ba.

Ranar sha ɗaya da hantsi marar ta murɗa, abin ya fita. Washegari suka koma hoto, Yaya na jira a mota, akwatin Auta a but.

"Mahaifa fes," in ji Likita. "Ba sauran komai. Jiran ya yi amfani."

A barandar asibitin Auta ta tsaya.

"Gida zan bi Yaya."

Mijin ya zaro bironsa. Littafin ya buɗe zai rubuta, hannun ya ƙi. Sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙato da shi, a gaban masu jiran layi, ya fashe da kuka.

"Kai! Tashi mana, ana kallonka..."

"Ke bakwai kika ji," ya ce da ƙyar. "Ni uku na ji. A wurin aikinmu, akwai ranar da muka ce yiwuwar ruwan sama uku cikin goma ce, ruwan ya zo ya cinye gada. Na rasa ɗana, Zumata... In na buɗe baki na yi kukansa, wa zai lura in ke ma kina tafiya?"

Ɗana. Tunda abin ya faru, kowa "cikin" yake cewa.

Tausayinsa ya kama ta, haushin bai gama sauka ba.

"Da ka faɗa mini ai. Kwana goma sha biyu ina kuka ni kaɗai, kana lissafi!"

"Na yi kuskure. Ki yafe mini."

Yaya ta danna hon, ta leƙo. "Auta! Rana na yi!"

Auta ta dube ta, ta dubi mijin da ke share hanci da hannun riga. Ta gyara mayafi ta zauna kusa da shi a kan simintin.

"Yaya, sauke mini akwatina. Mu biyu aka yi wa rasuwar nan, ba zan bar shi ya karɓi gaisuwa shi kaɗai ba."