Hanyar da Babana Ya Ce Ya Gani

Da ƙyar na yarda na rubuta wannan, don ya shafi babana. Ranar da aka ƙone gawar sarkin Roma, shi ya rantse gaban dattawa cewa ya ga ransa ya hau sama. Da rantsuwar nan sarki ya zama abin bauta, aka gina masa haikali, aka sa ni kula da fitilu.

Wani dare ina zuba mai, sai na ji ƙauri. Ga wani tsoho tsaye gindin gunkin, ƙafafunsa duk toka.

"An rufe, kaka," na ce.

"Ke ce 'yar Sabinus mai idon mikiya?" ya ambaci sunan babana. Ya yi dariya, bakinsa bai motsa ba. "A sama ba a san ni ba, matattu kuma sun ce ba sa karɓar alloli. Yau ubanki zai nuna mini hanyar da ya ga na bi."

Na ɗaga fitila. Fuskarsu ɗaya da gunkin sarkin.

Da gari ya waye na bi sawun tokar ina sharewa, har ƙofar ɗakin Baba. Daga ciki, sawun mutum biyu ne ya fito.