Tiyon Birkin Auta

Sufeto bai gama cire hularsa ba aka faɗo masa ofis da faɗa. Wani ƙaton mutum ne mai baƙin mai a ƙarƙashin farce, yana jaye da wata tsohuwa da idanunta suka kumbura saboda kuka.

"Ranka ya daɗe, ƙara muka kawo," in ji mutumin. "Matar ƙanina ta kashe shi."

"Da me ta kashe shi?"

"Da mota. Jiya da safe a gangaren gada. Ita ke tuƙi, shi yana gefe, ta je ta rungumi kan gadar da shi. Tun ranar da ya fara koya mata nake ce masa wannan ba ta san birki da totur ba, ya ƙi ji. To ga shi nan mun binne Auta, ita kuwa tana asibiti da ɗan karayar hannu."

Sufeto ya tambayi lafiyar motar. Mutumin ya bugi ƙirji, ya ce shi ne babban makanike a garejin kamfanin da ya sayar wa ƙaninsa motar, kowa Injiniya yake kiransa. Ana gobe hatsarin ya yi mata sabis da hannunsa, har ya canja mata tiyon birki na gaba duka biyu, sababbi dal.

Sai a nan tsohuwar, mahaifiyarsu, ta buɗe baki. "Ɗana, a kulle ta. Na faɗa mata a gaban 'ya'yanta, kada ƙafarta ta sake taka gidana."

"Ki yi haƙuri, Mama. Za mu bincika."

Sufeto mutum ne mai saurin hawa, yaransa sun sani. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne a zo masa da ƙara da hukunci a hannu ɗaya, a ce shi dai ya buga hatimi. Ya maida hularsa, ya kira Saje suka fita.

A gangaren gada babu abin da ya rage sai fasasshen gilashi da ɓallin fenti a jikin siminti. Saje ya duƙa yana duban kwalta.

"Oga, babu alamar taya ko kaɗan. Ba ta ma taka birki ba. Gaskiyar Injiniya ce."

"Kai ma ka yanke mata hukuncin ke nan?"

Sufeto ya bar shi nan ya hau gangaren a ƙafa, yana huci. Can sama, inda duk mai hankali zai fara rage gudu, ya ga wani ɗigon mai a kwalta. Ya ƙara gaba ya ga wani, sannan wani, sun yi layi har ƙasa. Ya dangwala da yatsa ya murza. Ba baƙin mai ba ne, siriri ne mai santsi.

"Man birki ne," ya ce da Saje. "Ta taka. Duk takawar da ta yi, a kwalta man yake zuba."

Matar Auta malamar makaranta ce. Sun same ta zaune a gefen gadon asibiti, hannu a ɗaure, babu ko mutum ɗaya daga dangin mijin a kusa da ita. Da ta ga kaki sai ta gyara zama.

"Malama, me ya faru a gangaren?"

"Na taka, ranka ya daɗe. Ya tafi har ƙasa kamar na taka soso. Baban yara yana cewa ki taka, ki taka, ina ce masa ina takawa. Ya kai hannu zai ja birkin hannu ke nan, ban sake sanin komai ba."

"Wa ya taɓa motar kafin nan?"

"Yaya Injiniya ne kaɗai. Tsofaffin kayan da ya cire ma suna cikin but ɗin motar, a leda. Haka suke yi a kamfanin, in sun canja maka abu sai su ba ka tsohon, ka gani da idonka cewa an canja. Baban yara ko buɗe ledar bai yi ba. Ya ce in bai yarda da Yaya ba, da wa zai yarda?"

Ta ɗago kai. "Yaya ya ce totur na taka don ruɗewa. Tun jiya nake ta maimaita abin a raina, har na fara shakkar ƙafata. Ranka ya daɗe, ni ce?"

Ran Sufeto ya ɓaci. An kashe wa mace miji, an kuma zo an zauna ana koya mata cewa ita ta kashe shi. Amma bai da abin da zai riƙe a hannu tukuna, don haka ya ce mata kawai ta kwanta ta huta.

An jawo motar zuwa bayan caji ofis, gabanta ya dagargaje. Sufeto ya sa aka ɗaga ta da jak aka cire tayar gaba. Ga tiyon birki nan baƙi wuluk yana sheƙi, duk wanda ya leƙa sai ya rantse daga kwali aka ciro shi.

Ya zaro hankicinsa ya goga. Hankicin ya yi baƙi. Ya kai hanci, sai warin man goge takalmi ya buge shi. A ƙarƙashin sheƙin robar duk ta tsattsage kamar kaushin ƙafa, a gefe guda kuma ta fashe, yatsa na shiga.

"Buɗe but," ya ce.

Saje ya ciro leda ya zazzage. Tsofaffin tiyo biyu suka faɗo, sun yi fari don tsufa.

"To Saje, faɗa mini. Tsohon tiyon motar nan ga shi a jikinta, ba a taɓa kwance shi ba. Waɗannan tsofaffin kuma na wace mota ne?"

Saje ya maida su cikin ledar, suka kama hanyar garejin kamfanin.

Garejin kamfanin wuri ne da aka yi don a yarda da shi. Ƙasa a goge, makanikai cikin riga iri ɗaya, ga ɗakin jira mai sanyi inda masu motoci ke kallon talabijin yayin da ake yi musu abin da ba su gani. Manaja ya taso da fara'a har kunne.

"Allah Ya ji ƙan Auta, abokin cinikinmu ne na gaske. Amma aikinmu ba shi da aibu, yallaɓai. Da idona na ga an ɗaura sababbin."

"Da idonka?"

"Ƙwarai kuwa."

Sufeto ya ajiye fasasshen tiyon a kan teburin gilashin, man ya ɓata masa takardu. "Wannan ka ga an ɗaura? In shi ne, tashi mu tafi tare, ka maimaita a gaban alƙali."

Fara'ar ta zube. Manaja ya ce to, a gaskiya shi ranar yana can gaba yana ciniki da masu sayen mota, bai leƙa gareji ba. Abin da Injiniya ya faɗa masa shi ya faɗa. Ai Injiniya ya shekara da shekaru a wurin, ba wanda ke bin bayan aikinsa.

"Shi ya sa mutum ke ƙarƙashin ƙasa yau," in ji Sufeto. "Ina mai sito?"

Mai sito ya ce shi mutum ne mai mantuwa, kaya na fita da yawa, ba zai iya tuna na wannan ranar ba. Sufeto bai ja da shi ba. Ya zagaya bayan sito, ya sami wata ganga cike da tsofaffin kayan mota, an ware su iri-iri, ga kuma ƙullin ledoji rataye a bakinta. Ya sa ƙafa ya tunkuɗe gangar, kaya suka watse har ƙofar gareji.

"Bola ba a ware ta, ba a kuma rataya mata leda. Daga nan kuke ɗebo tsofaffin da kuke nuna wa mutane?"

Nan take mantuwar mai sito ta warke. Ya ce gangar ta Injiniya ce, shi ba ruwansa. Sababbin tiyon kuwa da hannunsa ya miƙa wa Injiniya su, Auta yana tsaye ya biya.

"Ina suka shiga?"

"Da aka tashi cin abincin rana, na ga ya hau da tasa motar kan ramin gyara. Ya ce juyen mai zai yi. Irinsu ɗaya ce da ta Auta, tare suka saya."

Sufeto ya juya suka koma mota. Saje ya tayar, suka nufi caji ofis.

Da la'asar aka aika wa Injiniya cewa an gama bincike, ya zo da mahaifiyarsa. Ya shigo harabar caji ofis da ɗan gudu, ya taka birki motar ta tsaya cak. Ya zagayo ya buɗe wa tsohuwa ƙofa.

"Birkinka na ci da kyau," in ji Sufeto.

"Ai mota sai da kulawa, ranka ya daɗe. An kama ta?"

"Ba ni makullin."

Kofur ya kawo wa tsohuwa kujera. Aka sa wa motar Injiniya jak, aka cire taya. Injiniya ya fara gumi, yana tambayar me ya haɗa motarsa da wannan magana. Sufeto ya duƙa ya goga hankici a jikin tiyon, ya ɗaga shi sama. Hankicin bai yi baƙi ba, takardar kamfani ma tana nan manne a jikin robar. Sai ya ajiye fasasshen tiyon da ledar tsofaffin a kan murfin motar.

"Wannan na jikin motar ƙaninka, ka shafe shi da man takalmi. Waɗannan daga gangarka ka ɗebo ka sa masa a but. Wancan da ke jikin taka kuma, wa ya biya kuɗinsa?"

"Sharri ne. Mai sito ba ya ƙaunata."

"Mai sito ne ya hau da motarka kan rami?" Muryar Sufeto ta cika harabar. "Ka dubi uwarka ka faɗa mata. Motar da ta kawo ta nan, da birkin wa ta tsaya?"

Tsohuwa ta miƙe a hankali, tana dafa kujera. "Babban yaya, me yake cewa?"

Injiniya ya dubi ƙasa. Ƙaton nan ya koma ɗan mitsitsi.

"Inna, na duba nasa, na ga kamar zai ƙara kai wani lokaci. Cikin gari kawai yake zagayawa, ni ne mai tafiya mai nisa. Na ce in ya dawo sabis na gaba sai in canja masa. Kowa na yi, Inna. Ban taɓa jin ya fashe wa wani ba."

"Da ya fashe fa?" in ji Sufeto. "Ka san abin da ya kashe shi tun kafin a ɗauke gawar. Me ya kai ka asibiti kana gaya wa matarsa totur ta taka? Me ya kawo ka nan da ƙara?"

"Na ji tsoro. Na ga in ba ita ba ce, ni ne."

Sufeto ya daɗe yana kama ɓarayi, amma bai taɓa jin ƙyamar taɓa mutum irin ta yau ba. Ya yi wa Kofur alama ya sa wa Injiniya ankwa. Ya ce a rufe garejin kamfanin, a kira duk wanda aka taɓa ba leda a but ya kawo motarsa a duba, ya kuma ce Saje ya rubuta cewa babu tuhuma a kan matar Auta.

Ana jan Injiniya zuwa ciki yana waiwaye. "Inna! Inna, ki yafe mini."

Tsohuwa ba ta juya ba. Sufeto ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Mama, bari a kai ki gida a motarmu."

"Ba gida ba, ɗana. Asibiti." Ta gyara mayafinta. "Na kira ta mai kisan kai a gaban 'ya'yanta. Ban sani ba ko za ta bari in shiga. Kai dai ka kai ni, in tsaya a bakin ƙofa."